Finafinan dambe huɗu na tsohuwar Amurka: wanne za ka fara kallo, wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya fara bibiyar tsofaffin finafinan Amurka masu fari-da-baƙi, musamman irin waɗanda Faransawa suka raɗa wa suna film noir, wato baƙin fim, ba ya nisa sai ya ci karo da sunaye huɗu a fagen damben boksin: Body and Soul na 1947, The Set-Up da Champion duka na 1949, sai The Harder They Fall na 1956. Daga nesa sai ka ɗauka abu ɗaya ne. A kowanne akwai ɗan dambe, akwai 'yan caca masu kwat da malafa, akwai daren da aka ce wa wani ya faɗi da gangan don a kwashe kuɗin jama'a. To amma mai dare ɗaya na kallo, ko kuɗin faifai ɗaya, ko datar da ba ta wuce giga guda ba, dole ya zaɓa. Idan kuwa ya fara da wanda bai dace da shi ba, yana iya yanke hukuncin cewa duk nau'in bai yi masa ba.

Babban abin da ya raba su shi ne kujerar da kowanne yake zaunar da mai kallo. Ɗaya ya ajiye ka kusa da zakaran da kuɗi ya ɓata, ɗaya kusa da tsohon ɗan damben da kowa ya fitar da rai da shi, ɗaya kusa da mugun mutumin da duniya ke yi wa tafi, na ƙarshe kuma ya shigar da kai ofis inda ake rubuta ƙaryar da raba ganima.

Sayar da wasa da ake nunawa a cikinsu ba ƙirƙirar marubuta ba ce. A Nuwamba 1947, shekarar da Body and Soul ya fito, Jake LaMotta ya sha kaye a hannun Billy Fox a Madison Square Garden da ke New York, kuma a 1960 ya amsa da bakinsa a gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka cewa da gangan ya bari aka ci shi, don a ba shi damar neman kambu daga baya. Masu kallo na wancan zamani sun san abin da ake nuna musu.

Ma'aunin da za a bi

Na farko shi ne damben kansa: shin naushin yana da nauyi a ido, shin mai kallo yana gane wanda ke gaba a kowane turmi, kuma minti nawa ake yi a kan dandamali. Na biyu duhun labari, domin shi ne ya sa ake kiran su baƙin fim: haske da inuwa, da jin cewa an riga an rufe wa jarumi ƙofa tun kafin ya farga. Na uku sauƙin bi. Turancin waɗannan finafinai na titunan Amurka ne na shekara saba'in da suka wuce, cike da zaurancen 'yan caca, kuma wani ya fi wani dogaro da magana. Na huɗu kuɗi, wato data, haya ko faifai. Na biyar ƙarko: wanne ne za ka sake kallo bayan shekara ka ga sabon abu, wanne ne kallo ɗaya ya wadatar. Na ƙarshe haɗari iri biyu, wato abin da ba za ka so yara su gani ba, da yiwuwar ka sauke wani fim daban mai suna iri ɗaya.

Body and Soul, 1947

Robert Rossen ne darakta, Abraham Polonsky ya rubuta, John Garfield ya fito a matsayin Charley Davis, ɗan talakawan Yahudawa na unguwar marasa galihu a New York. Mahaifinsa ya mutu lokacin da aka jefa bam a mashayar da ke maƙwabtaka da ɗan shagonsu na alewa. Uwarsa, wadda Anne Revere ta taka, tana so ya yi karatu, shi kuwa ya zaɓi dambe ranar da wata jami'ar tallafin marasa ƙarfi ta zo gidansu tana jero musu tambayoyin da ya ji sun zubar musu da mutunci. Yawancin fim ɗin waiwaye ne: an fara da daren da ya rage kaɗan a yi wasan da aka ce ya sayar, sai aka koma baya a nuna yadda wani attajirin caca mai suna Roberts ya mallake shi sannu a hankali, da rance da kyauta da rabin duk abin da ya samu.

Damben ƙarshe shi ne dalilin da ya sa har yau ake maganar fim ɗin. Mai ɗaukar hoto James Wong Howe, wanda shi ma ya taɓa dambe yana saurayi, ya sa takalmi mai taya ya riƙe ƙaramar kyamara a hannu, ana tura shi a kan dandamali yana zagaya 'yan damben. Hoton yana rawa, wani lokaci yana dushewa, sai ya zama kamar labaran sinima na gaske. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta tace hoto, wato yankawa da haɗa shi. Sai dai a sani, damben ba shi da yawa a tsakiyar fim, an tara shi ne a ƙarshe.

Wanda ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne Ben, tsohon zakara baƙar fata mai gudan jini a ƙwaƙwalwa, wanda aka tura ya yi wasa da Charley bisa alkawarin ba za a dake shi a ka ba, aka kuma ɓoye wa Charley wannan alkawari. Canada Lee da ya taka rawar tsohon ɗan dambe ne na gaske, har ya rasa ganin ido ɗaya a sana'ar. A Hollywood ta 1947 ba kasafai ake ba baƙar fata rawa mai mutunci irin wannan ba, inda shi ne mai faɗa wa jarumi gaskiya. Bayan 'yan shekaru aka haramta wa da yawa daga cikin masu fim ɗin aiki bisa zargin kwaminisanci, ciki har da Polonsky da Revere. Garfield da Lee duk sun rasu a 1952, Garfield yana da shekara 39.

Wajen sauƙi yana tsaka-tsaki. Tsawonsa kimanin minti 104, maganar tana da sauri da azanci, kuma wanda bai kama wurin da waiwayen ya fara ba zai rikice na ɗan lokaci. Yana da ƙarko sosai, amma ɓangaren soyayyarsa da wata mawaƙiyar kulob ya tsufa fiye da sauran. Akwai shan giya da liyafa da rungume-rungume irin na wancan zamani, babu tsiraici, domin dokar tace finafinan Hollywood ta lokacin ba ta yarda ba. Ta fuskar suna a yi hattara: akwai Body and Soul na 1925 marar magana wanda Paul Robeson ya fito, ba na dambe ba ne, akwai kuma maimaicin na 1947 ɗin da aka yi a 1981 mai kala.

The Set-Up, 1949

Wannan shi ne mafi gajarta, minti 72, kuma a ganina shi ne mafi cika. Robert Wise ya ba da umarni a kamfanin RKO. An buɗe da agogon titi yana nuna ƙarfe 9:05 na dare, an rufe da shi yana nuna 10:16. Duk abin da ya faru a labarin ya faru ne cikin wannan lokaci, minti na allo daidai da minti na mai kallo, babu waiwaye, babu tsallake kwanaki.

Robert Ryan shi ne Stoker Thompson, ɗan shekara 35, wanda a dambe tsoho ne. Ya sha kaye har manajansa Tiny ya daina tsammanin komai daga gare shi. Tiny ya karɓi dala 50 daga yaron wani ɗan caca da ake kira Little Boy, a kan Stoker zai faɗi a gaban wani matashi mai suna Tiger Nelson. Don kada ya ba Stoker kasonsa, sai ya ƙi faɗa masa, yana ganin ai ko ba a faɗa masa ba faɗuwa zai yi. Nan ne duk tashin hankalin yake. Mai kallo ya san an sayar da wasan, ɗan damben bai sani ba, kuma a wannan daren ne ya ji a jikinsa zai iya.

Kusan rabin farko a ɗakin canza kaya ake yin sa, ɗaki ɗaya matsattse da 'yan dambe shida ko bakwai suke jiran a kira su. Akwai yaron da zai yi wasansa na farko yana amai don tsoro, akwai baƙar fata mai tasowa da James Edwards ya taka, akwai wanda duka ya taɓa wa ƙwaƙwalwa yana ta maimaita labarin wani da ya sha kaye sau da yawa amma ya zama zakara. Kowa ya fita da ƙafarsa, sai ka zauna tare da Stoker kana jiran ka ga yadda za a dawo da shi. Tsakanin haka Stoker yana leƙa taga yana duban ɗakin otal ɗinsu a tsallaken titi, ko matarsa Julie, wato Audrey Totter, ta kashe fitila ta taho kallo. Ita kuwa tana yawo a gari da tikiti a hannu, ta gaji da zama tana kallon ana farfasa wa mijinta fuska.

Damben turmi huɗu ne, kuma an nuna shi kusan gaba ɗaya har da hutun minti guda na tsakanin turmi, ya ci kusan rubu'in fim ɗin. Ryan ya riƙe kambun ajin masu nauyi na jami'ar Dartmouth duk shekarunsa huɗu a can, abokin karawarsa Hal Baylor shi ma ɗan dambe ne, don haka tsayuwarsu da yadda suke kare haɓa da yadda gajiya ke sauke musu hannu duk na gaske ne. Wanda ya saba zuwa gidan damben gargajiya zai gane 'yan kallon nan da nan, domin Wise ya ba su lokaci kamar yadda ya ba 'yan wasan: makaho da abokinsa ke ba shi labarin kowane naushi yana ihu a nemi ido, matar da ta ce ba ta son ganin jini amma ta fi kowa kururuwa, mai ƙiba da bai daina ci ba, da wanda ya manna rediyo a kunne yana sauraron wani wasan daban. Babu kiɗan bango ko kaɗan. Duk kiɗan da za ka ji daga gidan rawa ko mashaya yake fitowa, kuma akwai wurin da aka yi amfani da gangar gidan rawar don rufe ƙarar abin da ke faruwa a lungu. Milton Krasner ya ci kyautar ɗaukar hoto da shi a bikin finafinai na Cannes na 1949.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya sani. An ɗauko labarin ne daga doguwar waƙar Joseph Moncure March ta 1928, kuma a waƙar ɗan damben baƙar fata ne. Kamfanin ya mai da shi farar fata, wanda hakan ya zubar da wani babban ɓangare na abin da waƙar ke faɗi game da wariyar launi. Wannan rashi ne na gaske, ko da yake bai rage ƙarfin abin da aka ɗauka ba.

Shi ne mafi sauƙin bi ga wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba. Da zarar ka gane cinikin da aka ƙulla a minti goma na farko, sauran ido ne ke karantawa. Shi ne kuma mafi arha a data. Wajen ƙarko babu kamarsa a cikin huɗun, domin a kallo na biyu hankalinka yana barin Stoker ya koma kan fuskokin gefe. Haɗarinsa shi ne minti goma na ƙarshe: ba a nuna jini da yawa, amma abin da aka yi yana da nauyi, bai dace da ƙananan yara ba. Kada a rikita shi da Setup na 2011 wanda Bruce Willis da 50 Cent suka fito.

Champion, 1949

Shi ne fim ɗin da ya mai da Kirk Douglas babban tauraro. Mark Robson ya ba da umarni, Stanley Kramer ya shirya da kuɗi kaɗan, Carl Foreman ya rubuta daga gajeren labarin Ring Lardner. Midge Kelly da ɗan'uwansa Connie mai ɗingishi, wato Arthur Kennedy, sun taso cikin fatara, Midge ya faɗa dambe don neman abin kai wa baki, daga nan ya hau yana taka duk wanda ya ɗaga shi: matar da aka tilasta masa aure ya gudu ya bari, manajan da ya koya masa sana'ar, har ɗan'uwan nasa. A waje kuwa jaridu da rediyo suna kiran sa abin koyi.

Damben yana da zafi da sauri, an yanka shi gajere-gajere, kuma shi ma ya ci Oscar ta tace hoto. Douglas ba ɗan dambe ba ne amma jikinsa ya horu, kuma wurin da ake nuna atisayensa da tsallen igiya yana da daɗin kallo. Mai idon sana'a zai lura cewa naushin ya yi faɗi, kariya ta yi kaɗan, an fi neman abin da zai burge. Hoton Franz Planer a dogon lungun da ke kaiwa dandamali yana cikin mafi duhu da kyau a duk huɗun.

Labarin miƙaƙƙe ne, minti 99, Turancinsa bai da wahala. Rauninsa shi ne tun daga tsakiya ka riga ka san halin Midge, abin da ya rage maimaici ne da mace ta biyu da ta uku. Kallo ɗaya ko biyu ya isa. Shi ne kuma mafi rashin dacewa da kallon iyali, saboda neman mata shi ne ginshiƙin labarin, kuma kusa da ƙarshe akwai cin zarafin mace da aka nuna a kaikaice. Sunan ya yi yawa a kasuwa: akwai Champion na Indiya na 2000 da Sunny Deol, akwai The Champ na 1931 da na 1979. A haɗa da sunan Kirk Douglas wajen nema.

The Harder They Fall, 1956

Nan jarumin ba ɗan dambe ba ne. Humphrey Bogart, a fim ɗinsa na ƙarshe kafin rasuwarsa a Janairu 1957, ya fito a matsayin Eddie Willis, ɗan jarida mai rubutun wasanni da jaridarsa ta rufe. Nick Benko, wanda Rod Steiger ya taka, ya ɗauke shi aikin tallata wani ƙaton ɗan Ajantina mai suna Toro Moreno, mai tsawo da faɗi kamar ƙofar gari amma ba naushi ba juriya. Aka sa shi a bas mai ɗauke da hotonsa, ana bi gari-gari daga California ana sayen abokan karawarsa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa Toro ya yarda da zuciya ɗaya cewa ƙarfinsa ne ke kayar da su. Mark Robson ne ya sake ba da umarni, daga littafin Budd Schulberg na 1947.

Idan abin da kake so shi ne ka fahimci yadda harkar ke aiki, babu wanda ya kai shi. Ana nuna yadda ake ciniki da manajan abokin karawa, abin da ake yi idan ɗan dambe ya ƙi faɗuwa saboda danginsa na cikin 'yan kallo, yadda ake sayen bakin 'yan jarida, da yadda ake rubuta littafin kuɗi. Wurin da ya fi kowanne ciwo ba a dandamali yake ba, a gaban akawu yake: bayan wasan da ya tara fiye da dala miliyan ɗaya, an cire kuɗin abinci da otal da kason manajoji da na kowa, aka ce abin da ya rage wa Toro dala 49 da santi 7.

Labarin ya yi kama ƙwarai da rayuwar Primo Carnera, ƙaton ɗan Italiya da ya ci kambun duniya na masu nauyi a 1933, ya rasa shi a Yuni 1934 a hannun Max Baer, wanda ya yi ta kayar da shi har aka tsayar da wasan a turmi na 11. Shi wannan Max Baer ɗin ne da kansa ya fito a matsayin zakaran da Toro zai fuskanta. Carnera ya kai kamfanin Columbia da ya shirya fim ɗin ƙara bai yi nasara ba. Jersey Joe Walcott, wanda ya ci kambun duniya a 1951 yana da shekara 37, ya fito a matsayin mai horarwa, kuma wurin da aka sa shi ya nuna wa Toro gaskiyar ƙarfinsa a ɗakin otal ya fi wasu cikakkun wasanni faɗakarwa. Damben ƙarshe shi ne mafi muni a ido cikin huɗun, da kumburi da karyewar muƙamuƙi.

Shi ne mafi tsawo, minti 109, kuma mafi dogaro da magana. Steiger yana zuba zance kamar ruwan sama, ana maganar kaso da kwangila, don haka in babu rubutun ƙasan allo za a yi asarar rabin daɗinsa. Duhunsa na hali ne fiye da na hoto, domin da yawansa a ofis da otal aka ɗauka. Yana da ƙarko saboda abin da yake faɗi bai tsufa ba. Ta wajen mata da shaye-shaye shi ne mafi tsabta. Ta wajen suna kuwa shi ne mafi haɗari, domin The Harder They Fall na 2021 da ke Netflix, na kaboyi da Idris Elba, shi ne zai fara fitowa a kowane bincike. A rubuta 1956 da Bogart.

| Fim | Minti | Wanda ake bi | Dambe | Wahalar Turanci | Data a megabit 1 cikin daƙiƙa | Kallon iyali |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Body and Soul, 1947 | 104 | zakaran da aka saye | kaɗan, amma na ƙarshe gagarumi | matsakaiciya zuwa sama | kimanin MB 780 | manya da matasa |
| The Set-Up, 1949 | 72 | tsohon ɗan dambe | turmi huɗu kusan cikakku | kaɗan | kimanin MB 540 | ban da ƙananan yara |
| Champion, 1949 | 99 | mugun zakara | da yawa, gajeru | kaɗan | kimanin MB 740 | manya kawai |
| The Harder They Fall, 1956 | 109 | ɗan jarida mai talla | na bogi da yawa, na gaske ɗaya | sama | kimanin MB 820 | manya da matasa |

Kuɗi, kwafi da abin da ke lalata kallo

Lissafin datar da ke sama mai sauƙi ne: megabit 1 a daƙiƙa yana cin MB 7.5 a minti, sai ka ninka da tsawon fim. Idan ka ɗaga ingancin zuwa megabit 3, ninka adadin sau uku. Akwai dalilin da zai sa ka ɗaga. Fim mai inuwa da yawa shi ne ya fi shan wahala idan aka matse shi, domin baƙin yana farfashewa ya zama murabba'i-murabba'i, hayaƙin sigari da ke saman dandamali ya koma kamar tabo. The Set-Up da Champion ne suka fi cutuwa da wannan. The Harder They Fall yana jure ƙaramin inganci saboda haskensa.

Haya ta intanet, a wuraren da ake samunta irin su Apple TV da Amazon, ita ce mafi arha ga kallo ɗaya, amma abin da ake bayarwa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a bisa al'ada kwana 30 ake ba ka ka fara, awa 48 ka gama bayan ka fara. Faifai ya fi tsada saboda da dala ko fam ake sayensa ga kuɗin aikowa, sai dai naka ne har abada. A nan ne mutane suka fi yin asara, saboda kullen shiyya, wato faifan da aka yi don wata shiyya ta duniya ba lallai ya yi aiki a na'urar wata shiyyar ba. DVD na Amurka shiyya ta 1 ne, Najeriya da Nijar da Ghana suna shiyya ta 5, Turai ta 2. A Blu-ray kuwa Amurka A ce, Turai da Afirka B. Ke nan Blu-ray daga Ingila ya fi dacewa da na'urar da aka sayar don Afirka. Kamfanin Eureka na Ingila ya fitar da Champion, kamfanin Indicator ya fitar da The Harder They Fall, Warner Archive ya fitar da The Set-Up tare da sharhin murya na Robert Wise da darakta Martin Scorsese, wanda shi kaɗai darasi ne ga mai son koyon fim. Body and Soul ya fito ta Olive Films a Amurka. Kafin ka biya, duba bayan kwalin ka tabbatar da harafin shiyya da kuma ko akwai rubutun ƙasan allo na Turanci, domin ba kowane tsohon faifai ke da shi ba.

Ukun farko an ɗauke su ne da tsohon fasalin allo mai kusan murabba'i, don haka dole a ga baƙin shafi a dama da hagu a talabijin na zamani. Idan ka ga hoton ya cika allo, ko dai an ja shi har 'yan damben sun yi gajeru masu faɗi, ko an yanke sama da ƙasa, agogo da ƙafafu sun tafi. Mai da saitin zuwa 4:3. Na 1956 shi ne mai faɗi tun asali. Kashe saitin da ke santsantar da motsi, domin yana mai da naushi kamar wasan kwamfuta. Kada ka ƙara haske don ka ga abin da ke cikin inuwa, gara ka kashe fitilar ɗaki. A guji kwafin da aka shafa wa kala da na'ura. Idan kuma ka ga DVD na Turai ya gaza tsawon da ke tebur da minti uku ko huɗu, ba yanka aka yi ba: tsarinsu yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, sai fim ya ragu da kashi 4 cikin 100.

Wa ya dace da wanne

Mai dare ɗaya, ko data kaɗan, ko wanda bai taɓa kallon irin waɗannan ba, ya ɗauki The Set-Up. Haka ma ɗan dambe ko mai horarwa da ke son ya ga sana'arsa yadda take, da ɗalibin fim da ke son ya ga abin da za a iya yi da ɗaki ɗaya, titi ɗaya da dandamali ɗaya. Idan faifai ɗaya tak za a saya, shi ne.

Wanda ya fi son cikakken labarin rayuwa, da uwa da masoyiya da aboki, irin wanda mai kallon finafinan Indiya ya saba da shi, Body and Soul ne nasa, muddin ya samu kwafi mai rubutu a ƙasa. Shi ne kuma ya fi dacewa da mai sha'awar tarihin baƙaƙen fata a Hollywood, saboda Canada Lee.

Ɗan jarida, ko mai harkar shirya wasanni, ko matashin da wani ya zo masa da takardar kwangila ya ce ya sa hannu, ya kalli The Harder They Fall, ya tsaya sosai a wurin akawun. Masoyin Bogart ma nan zai nufa.

Champion na wanda ya riga ya ga sauran ne, ko mai son ganin Kirk Douglas a lokacin da yake kan ganiyarsa. Haya ta ishe shi, kuma a kalle shi bayan yara sun kwanta.